Talabijin ɗin da na saya wa Baba don ranar Arfa

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar Arfar shekarar da na saya wa mahaifina talabijin ta bango ba. Shekaru sun ja, na sayi wasu har biyu bayanta, amma har yau in na wuce shagon kayan lantarki na hango su a jere suna walƙiya, sai in kau da kai. Ban taɓa ba da labarin a gida ba, 'ya'yana ma ba su san shi ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, ina hayar ɗaki biyu a Gwadangaji. Baba yana Argungu. Masunci ne tun tasowarsa, mutumin da a da yake tsayawa bakin gulbi ya kalli ruwa kawai ya faɗi inda kifi ya kwanta. Da tsufa ya kama shi, idon nan da yake taƙama da shi ne ya fara gudu. Mun kai shi asibiti, likita ya ce jijiyar idon ce ta raunana, babu aikin da zai dawo da ita, sai dai a riƙa ɗiga magani don abin ya rage sauri. Ya ajiye homa da goran su ya koma zaman zaure. Bai taɓa zuwa Makka ba, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ne abin da ya fi cin ransa.

Ni ne ɗansa na fari, kuma Baba mutumin da ne, ya riƙe alkunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba. In zai ambace ni sai ya ce "na Birni". In na je gaishe shi na durƙusa, sai ya amsa yana kallon gefe, ya tambayi hanya, ya tambayi yara, magana ta ƙare. Duk abin da yake so in sani, ta bakin Gwaggo yake biyowa. Ƙanwarsa ce, ta dawo gidan tun rasuwar mijinta, kuma bayan mahaifiyata ta rasu ita ce ke riƙe da shi.

Ana saura wata biyu Babbar Sallah na je Argungu, Gwaggo ta ja ni gefe. Ta ce Baba ya je sayen maganin ido wajen mai kemis na bakin kasuwa, ya tarar ana nuna Ka'aba a wata sabuwar talabijin, irin shafaffun nan da suka fara shigowa. Ya tsaya ya daɗe. Da ya dawo gida ya ce mata ya ga Ɗakin Allah, har ya ga mutane suna kewaya shi, abin da ya kwana biyu bai iya gani a tsohuwar talabijinsa mai ƙusumbi ba. Ta ce bai roƙi komai ba, amma sau uku yana maimaita zancen.

"In da hali, ɗana, ka samo mai irin ta mai kemis," in ji ta. "Shi ga Arfa bana da idonai. Ba mu san abin da baɗi za ta zo da shi ba."

Na ce ta bar komai a hannuna. Shagon mai kemis ɗin nan bai fi tafiyar minti biyar daga gidanmu ba, amma ban taka na je na ga irin talabijin ɗin da ake nufi ba. A ganina ni malamin makaranta, mazaunin Birni, me mai kemis zai nuna min a harkar talabijin? Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na yi shi ina murmushi.

Kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Ɗan abin da na tara ne, na haɗa da na shinkafar da aka noma min a fadamar Gulma. Na yi mako biyu ina yawon shaguna bayan an tashi makaranta, na haddace inci-inci kamar karatun jarrabawa, har abokan aikina suka fara tsokanata wai in bar alli in buɗe shago. Daga ƙarshe zaɓi ya tsaya tsakanin guda biyu.

Ta farko sabuwa ce dal a kwalinta, inci ashirin da biyu, da takardar garanti. Mai shagon wani dattijo ne marar yawan magana, shagonsa a buɗe yake yana kallon titi, rana na dukan kayansa amma hoton yana fitowa tar. Ya tambaye ni wa zai kalla, na ce tsoho ne mai raunin ido.

"To in tsoho na, malam, haske ka ka biɗa, ba girma ba," ya ce. "Ko ba wurina ka saye ba, ka sa a hiddo ma ita waje ka gan ta cikin rana."

Na yi masa godiya a baki, a zuci kuwa na ce ɗan kasuwa ne yake tallar hajarsa. Abin da ya dame ni da tasa shi ne ƙanƙanta. Na hango kaina na sauka a tashar Argungu da kwali ɗan mitsitsi a hammata, mutanen unguwa suna cewa abin da na Birni ya iya kawowa ke nan.

Ta biyun 'yar Kwatano ce, wato an yi amfani da ita a wata ƙasa kafin ta iso mu. Inci arba'in da biyu, baƙa, mai sheƙi, kuma kuɗinta kusan ɗaya da na ƙaramar. Mai ita ya shigar da ni can ƙuryar shago, wani ɗaki marar taga inda yake gwada kaya, ya tura ƙofa ya kunna. A cikin duhun nan hoton ya cika min ido, na ji kamar in miƙa hannu in taɓa mutanen ciki. Na tuna maganar dattijon, na ce ko za a fito da ita waje. Mai kayan ya ce wayar ba za ta kai ba, ga nauyi, kuma kayan Turai ba ya buƙatar gwaji biyu. Gaskiyar magana, daɗi na ji da ya hana, domin zuciyata ta riga ta saya. Na lallashi kaina da cewa mai raunin ido ai babban hoto yake so.

Ana jibi Arfa na ɗauki shatar mota na kai ta Argungu, ina rungume da ita a kujerar baya. Abin da na yi fata kuwa ya faru. Unguwa ta fito, masu sa albarka suna yi, masu tambayar kuɗinta suna yi, ni kuma ina ta cewa ai ba wani abu ba ne, alhali kaina ya kusa taɓa rufin zaure. Gwaggo ta ce a kai ta ɗakin Baba. Na ce a'a, a zaure za a kafa, don maƙwabta su samu su kalla. Haka na faɗa, amma abin da nake so shi ne duk mai wucewa ya leƙo ya gani. Aka kafa ta a bangon da ke fuskantar ƙofar waje, aka jawo waya daga setilayit ɗin maƙwabcinmu. Aikin bai ƙare ba sai dab da magariba, muka kunna, hoto ya fito ba laifi. Baba ya zo ya shafa gefenta da tafin hannu, ya ce wa Gwaggo ta ce wa na Birni Allah ya yi albarka, ina tsaye a wurin.

Ranar Arfa da hantsi aka tayar da ɗan janareta, zaure ya cika da dattawa, yawancinsu da azumi a baki. Mata suka zauna ta ciki, bayan asabarin ƙofar da ke shiga gida. Na kunna. Hasken rana ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan gilashin, hoton ya koma dishi-dishi, fararen haramin alhazai suka zama ruwan toka. Na danna rimot na ƙure hasken, babu abin da ya ƙaru. Daga baya wani mai gyara ya gaya min fitilun cikinta ne suka tsufa, kuma abin da ya sa ake gwada irinta a duhu ke nan. Muka rataya tabarma a ƙofar waje, abin ya ɗan yi dama. Masu lafiyar ido suna gani, har suna ta salati, sai na kwantar da hankalina.

Na shimfiɗa wa Baba buzu a gaba, daidai tsakiya. Ya zauna kaɗan, sai ya ja buzunsa ya koma can baya, ya jingina da bango dab da asabarin mata. Na ɗauka iska yake nema. Lokaci-lokaci ina ganin yana karkatar da kai baya, sannan ya gyaɗa, leɓunansa suna motsi. Can da aka jima na ji ya ɗaga murya kaɗan.

"Allah sarki, ga dutsen nan," ya ce, "jama'a sun ruhe shi."

Na kalli talabijin. An riga an ɗauke dutsen, fuskar liman ce ta cika gilashin yana huɗuba. Wani dattijo ya waiwaya ya dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Na lura da wannan sarai. Na ce a raina tsufa ne, magana ce ta zo masa a makare, na ci gaba da karɓar sa albarkar mutane. Da aka tashi, idanun Baba sun yi ja, hawaye ya jiƙa masa gemu. Na koma Gwadangaji bayan Sallah ina gaya wa matata cewa na kai Baba Arfa yana zaune a zaurensa.

Bai ga wata Arfar ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan wata bakwai, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki ina haɗa kayana, na ce wa Gwaggo a bar talabijin ɗin a inda take, tunda abin da ya faranta masa rai ne a ƙarshen rayuwarsa. Ta ci gaba da tsince shinkafa a faifai. Sannan ta ce akwai abin da Baba ya hana ta faɗa, amma yanzu ba ya nan, kuma ba ta son in ci gaba da ɗaukar abin da ba haka yake ba.

"Bai ga komi ba, ɗana. Hayaƙi ɗai ya ce shina gani. Ni ce bayan asabari nike hwaɗa mai, ga dutse, ga liman, ga masu kuka, shi kau shina amsawa don kak ka ji kunya gaban mutane."

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya min a ranar ba, da na ɗauke ta na kai ɗaki, ko na ruga na roƙi mai kemis aron tasa. Ta ce ta so ta yi, ya riƙe mata hannu ta ƙasan asabari. Abin da ya ce mata shi ne, "Kak ki hwaɗa ma na Birni, ya yi ƙoƙarinai." Ta ƙara da cewa bayan Sallah ya sa an mayar masa da tsohuwar rediyonsa ɗaki, bai sake zama gaban talabijin ɗin ba sai in ya ji ina hanya.

Na fita kamar zan je masallaci, ƙafata ta kai ni shagon mai kemis, tafiyar da na ƙi yi wata tara da suka wuce. Talabijin ɗinsa tana nan a kan kantar shagon, tsakanin kwalaben magani. Ƙarama ce, inci ashirin da biyu, irin ta dattijon nan sak, tana haske tar da tsakar rana. Mai kemis ya yi min ta'aziyya, ya nuna min inda Baba ya tsaya a ranar, ya ce sai da ya kawo fuskarsa kusan taƙi ɗaya da gilashin, ya yi ta kallo har ya manta maganin da ya zo saye. Na tsaya a wurin na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan mai kayan Kwatano, wani lokaci a kan talauci, wani lokaci a kan alkunyar da ta hana uba ya ce wa ɗansa ba na gani. Amma kuɗina sun isa sayen wadda ta dace, an kuma gaya min gaskiya har sau biyu, Gwaggo ta faɗa, dattijon ya faɗa. Alkunya ta hana shi magana, ni ba ta hana ni tambaya ba, ko ta bakin Gwaggo ce. Na saya ne don idon unguwa, shi kuwa mai raunin idon da aka yi abin dominsa ya zauna a baya yana rufa min asiri.

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a lokacin da ba zai amfani Baba ba. In za ka yi wa mutum alheri, ka je ka tsaya inda yake tsaye ka duba da irin idonsa, ka kuma tambaye shi ko ya samu abin da yake so, musamman in mai kunyarka ne wanda ba zai taɓa cewa bai samu ba. Talabijin ɗin tana nan a bangon zauren, ta daɗe da mutuwa, kuma na hana a cire ta.