Gaisuwa Ta Taga a Tamanrasset

Mun tashi daga Agadas da asuba, ni da Inna, a bayan wata mota da aka laftawa albasa da mutane. Za mu duba yayana ne, mai shago a Tamanrasset, wanda aka yi wa dashen ƙoda a Alje, babban birnin ƙasar. Ƙanenmu ne ya ba shi tasa guda.

Daga Arlit kwalta ta ƙare, sai rairayi. A Assamaka, bakin iyaka, 'yan dowan, wato kwastan, suka kwance ƙullin Inna, suka tarar da cuku da sassaƙen magani, suka yi dariya suka mayar mata. Sanyin hamada kuwa bai raga mata ba: kafin In Gezzam mura ta kama ta, tana tari tana cewa lafiyarta lau.

Tamanrasset gari ne ja tsakanin duwatsu. Burodi arha kamar kyauta, goro kuwa sai mai hali. A unguwar Tahaggart Hausar Damagaram ta fi Larabci shiga kunnena, don magina da 'yan shago duk namu ne.

A ƙofar gida matar yaya ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta tare hanyar ɗaki.

"Inna, ki gafarce ni, da murar nan ba za ki shiga ba."

"Ni da na haife shi?"

Yaya ne ya amsa ta taga, muryarsa a raunane. Ya ce maganin da yake sha yana kwantar da garkuwar jiki don kada ta yaƙi sabuwar ƙodar. In ya yi kaɗan, ƙodar ta tafi. In ya yi yawa, murar wani ma tana iya kwantar da shi. Ga shi yana fama da zazzaɓi, an ɗebi jininsa an aika Alje ta jirgi don a auna maganin. Sassaƙen ma lokotoro, wato likita, ya hana, haka cuku, tunda ba a dafa madarar ba.

Inna ta koma tsakar gida. Ta shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da tagar, kullum nan take yini tana ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya yi gini a Agadas. Maƙwabta, magina 'yan Maraɗi, suka cinye cukun tas.

Da sakamako ya dawo, ashe maganin ne ya yi yawa a jininsa. Lokotoro ya rage masa, ya haɗa da na zazzaɓin. Zafin jikinsa ya sauka, murar Inna ta warke. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta shiga, ta riƙe kansa kamar na jariri. Ni dai waje na fita.

Mun dawo Agadas lafiya, da dabino da taliya. Na koyi cewa akwai ciwon da maganinsa ma sai an sa masa ido. Inna kuwa, duk wanda ya zo barka da zuwa, surukarta take fara yaba masa.