Ranar da Yaya ta zo duba hantarta

Shekarun baya, da ciwon hanta ya kai ni maƙura, yayata ce ta ba da wani yanki na tata aka dasa mini a wani asibiti a ƙasar waje. Aiki ya yi kyau. Ranar da muka dawo ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, gida ya cika maƙil da 'yan barka.

Abin da ban zata ba shi ne, jiki yana warkewa, zuciya kuwa tana ja da baya. Na daina fita. Damina ta sauka, ina jin maƙwabta suna wucewa gona suna raha, ni ina kwance ina kallon rufin ɗaki. Magungunan da nake sha sun kumbura mini fuska, ga saurin fushi, ga kuka ba dalili. Wata rana matata ta ce an yanka zakaran gidanmu saboda baƙi, wallahi sai da na share hawaye. Zakaran da kullum nake jifa da takalmi saboda cara!

Amma babban abin da ke cin raina shi ne Yaya. Da na tuna tabon da ke cikinta saboda ni, sai kunya ta rufe ni. Ko ta kira waya ba na ɗagawa. 'Yan dubiya kuma kowa sai ya ce, "Ka gode wa Allah." Ina godiya mana, sai dai gani nake damuwar nan tawa butulci ce, don haka na ja bakina na yi shiru.

Ran nan da hantsi sai ga Yaya a bayan babur daga Makoda. Tana sallama tana yaye labule.

"Ba wurinka na zo ba," in ji ta. "Hantata na zo dubawa. An ce wata uku ke nan ka kulle ta a ɗaki."

Na ce, "Yaya, kunyarki nake ji. Yanka ki fa aka yi saboda ni."

Ta ce, "To da ka tafi, wa zan riƙa yi wa faɗa? Tawa ta tofo ta cike gurbi, likita ya faɗa. Jiya ma da hannuna na yi surfe. Kai ne dai ka shige ɗaka kamar mai jego."

Dariya ta kufce mini, daga nan ta rikiɗe ta zama kuka. Ta zauna kan tabarma ta bar ni na gama, sannan na faɗa mata komai. Ta ce, "Wannan ma ai ciwo ne. Likita za mu gaya wa."

Ranar ganin likitan da ke duba ni a Kano, tare muka je. Likitan ko mamaki bai yi ba. Ya ce mutane da yawa suna shiga wannan hali bayan dashe. Ya gyara mini magani, ya haɗa ni da wata likitar ƙwaƙwalwa da nake zuwa muna hira. Ya kuma ba ni izinin takawa zuwa gona, da sharaɗin ba zan taɓa ƙasa da hannu ba tukuna, don gudun ƙwayoyin cuta. Haka na riƙa tsayawa a bakin gonar gero, hannu a baya, ina ba ƙannena umarni kamar malamin gona, har suka roƙe ni in koma ɗakin.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo, alhamdulillahi.

Yanzu idan na je dubiya, nakan yi "ya jiki?" kamar kowa. Sai in jira mutane su ragu, in matsa kusa in ce, "To, ya zuciyar?" Yawancinsu sukan dube ni tukuna, sannan su gyara zama su fara magana.