Fuskar Inna a inuwar rumfa

Ni ne ɗan farin Inna, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma haɗa ido da ni. In na shigo gida sai ta samo wa hannunta aiki. In tana so a ba ni abinci, ƙanwata take ce wa, "Kai ma wancan tuwo." Haka aka rene ta, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Sai da na fara sana'ar ɗaukar bidiyo a Tambuwal na lura kwamfutata cike take da fuskokin iyayen mutane, babu tata. Da ta hango kyamara a hannuna sai ta ja mayafi ta juya.

Shekarar da ciwo ya kama ta, ƙanwata ta ɗauke ta zuwa gidan aurenta a Kebbe. Bayan girbi na sami aikin suna a can, na biya gaishe ta. Na ga yadda wuyanta ya rame. Na san in ban ɗauke ta a bidiyo ranar ba, da wuya in sake samun dama.

Wahalar aikinmu a ƙasar nan rana ce. Kyamarata irin marar madubin nan ce, tana nuna maka hasken a allo tun kafin ka danna. In ka bar ta ta auna da kanta, sai ta dubi farin tsakar gida ta tsuke ido, fuskar wanda ke inuwa ta koma baƙi ƙirin. In ka buɗe mata don fuska, tsakar gidan ya ƙone. Dole ka zaɓi ɗaya.

Da Inna ta shiga ɗaki alwala, na zaunar da ƙanwata a kan tabarmarta ƙarƙashin rumfar kara. Fatarsu iri ɗaya ce. Na auna hasken a kuncinta kaɗai, na buɗe har fuskar ta fito daidai. Layuka suka cika ɓangaren tsakar gida a allon, gargaɗin cewa can ba abin da zai saura. Na gani, na kulle awon a haka, na miƙa mata kyamarar.

Ta ce, "Yaya, ni ban iya wagga na'ura taka ba."

Na ce, "Danna jan nan kawai ki riƙe. Kada ki taɓa komai."

"In ta faɗi fa?"

"Sai in saida mijinki in sayi wata."

"Ba shi kai kuɗinta," in ji ta.

Na fita na tsaya gefen rumbu cikin rana, ina yi kamar ina duba waya. Inna ta dawo kan tabarmarta, ina jin muryoyinsu sama-sama.

Inna ta rasu kafin saukar damina. Na zo, mun yi mata sutura, na karɓi gaisuwa. Mutane suna cewa ina da haƙuri. Ni dai ban ji komai ba ne. Na koma shago, na ci gaba da ɗaukar biki da suna, ina auna fuskoki. Bidiyon ranar yana cikin kwamfuta, ban buɗe shi ba sai wata safiya da babu aiki.

Awon ya yi daidai. Ga zanen da ke gefen idonta, ga jan goro a haƙorinta. Tana tsince wake a faifai. Muryar ƙanwata ta fito daga bayan kyamara.

"Inna, yau kin zama 'yar fim."

"Ke rufa min asiri da tsufana. Wa ya ba ki abin ga?"

"Ɗanki."

"Wane ɗa?" Ta yi dariya, ta tura faifan gefe.

Can sai ta ɗaga kai ta dubi tsakar gida. Ta daɗe tana kallo, hannunta ya tsaya. Ƙanwata ta juya kyamarar ta bi idonta. Allon ya yi fari fat. Babu rumbu, babu katanga, babu ni. Kyamarar ta dawo kan Inna, ta riga ta mayar da kai ga wakenta. A hankali ta ce, "Ce ma wancan shi bar cikin rana."

Tun ranar da aka ɗauki bidiyon saƙon ya iso gare ni. Na tuna ƙanwata ta ƙwala min kira, na koma zaure na zauna. Kallon da ta yi min ne ban sani ba.

Na gwada rage hasken wurin a kwamfuta, ko da na san abin da zai faru. Farin ya koma ruwan toka, ba komai a ciki. Na mayar da shi yadda yake. Na dawo da bidiyon baya na tsayar da shi inda ta ɗaga kai. Idonta ba a kaina yake ba, yana wucewa ta gefen allon zuwa bangon shago.

Na ja kujerata zuwa inda idonta yake kallo. Daga nan fuskar ta yi siriri, da ƙyar ake gane ta. Na zauna a wurin duk da haka.