Murfin Ruwan Ɗufana

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zura ni cikin rijiya da igiya a ƙugu ba, kuma ko na so in manta, mutanen kwarin Tamaske ba za su bari ba. Ku da kuka shigo aikin ruwa yanzu kun tarar da inji yana haƙa. Mu da hannu da dundurusu muka san shi.

Bayan yaƙin Turawa na biyu ne, ba a daɗe da soke aikin tilas ba. Ni a lokacin tafinta ne a ƙungiyar haƙa rijiyoyi ta gwamnati, wato bakin Bature ga mutane, bakin mutane ga Bature. Na yi lakwal, wato makarantar boko, ina da hular kwano da wando mai guga, kuma a ganina duk Adar babu mai ilimina in ka cire shugabanmu. Shi Bafaranshe ne masanin duwatsu, ana ce masa Mai Guduma, don ba ya wuce dutse bai ƙwanƙwasa shi ba. Ƙa'idar aikin ita ce, shi ya nuna wuri, mahaƙan gari su haƙa, mu mu ɗaure bangon da siminti. In aiki ya tsaya a gari, sai a kwashe kaya a wuce gaba, ba a dawowa.

Da bazara muka sauka wani ƙauye da matansa ke fita neman ruwa tun asuba, ba su dawowa sai rana ta take. Haƙa ta yi nisa, ƙasa ta fara laima, sai aka ci karo da farin dutse. Da aka ɓanɓaro gutsurensa aka fito da shi, ga ɓawon katantanwa birjik a ciki, har da wani mai siffar ƙashin kifi. Arzika, shugaban mahaƙa, tsoho mai faɗin ƙirji, ya fito ya ajiye dundurusunsa.

Ya ce mini, "Ɗana, gaya ma Nasara mun tsaya. Wanga murhi na. Ruwan Annabi Nuhu da ƙasa tas shanye, nan ƙasanai shike. In munka hwasa, wa ka mai da shi?"

Na yi dariya tun kafin in fassara. Mai Guduma bai yi ba. Ya ce labarin jirgin Annabi Nuhu yana cikin littafin addininsu su ma, uwarsa ta karanta masa yana ƙarami. Sai ya sa aka kawo ƙwarya, ya dama laka da ruwa, muka zauna har ta kwanta. Ya nuna ɗan siririn abin da ya taru a gindi. Ya ce haka dutsen nan ya samu, teku ce ta daɗe kwance a kan Adar tun ba a yi mutum ba, tana zubar da laka da ƙananan halittu sannu a hankali. Ambaliyar watanni, in ji shi, ba ta tara kaurin da ya fi tsawon mutum. Shi a fahimtarsa Ɗufana ta auku a wata ƙasa mai manyan koguna, kuma ruwan da ke ƙarƙashinmu na damina ne da ya tsiyaya.

Na fassara, na kuma ƙara gishiri yadda ya kamaci mai hular kwano. Limamin gari, Malam Idi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shekarun dutse Wanda ya yi shi ya sani, amma ruwan da aka umarta ya koma ba ya fitowa sai da umarni, da murfi ko babu. Da na yi shiru nan, wataƙila da maganar liman ta isa. Amma Mai Guduma ya riga ya ce in ba a taɓa dutsen ba zuwa la'asar, gobe mu nufi Buza, kuma na ga matan da ke tsaye da tulunansu sun ji. Zuciyata ta sosu, bakina kuma ya riga hankalina.

Na ce, "Baba Arzika, ku ba ni dundurusun. Ni na yi karatu, ban jin tsoron katantanwa."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya kira ni da laƙabin da Faransawa ke kiran manyansu, ya ce, "To, Mushe. Ka taɓa shiga rijiya?" Ban taɓa ba.

Suka ɗaura mini igiya suka zura ni. Ina sauka haske na ƙanƙancewa, har sama ta koma kamar faifai. Ilimin nan nawa, ban san a gaba ta nawa ya tsaya ba, amma dai bai iso ƙasa tare da ni ba. Na tsaya a kan dutsen, katantanwa ta kewaye ni ta ko'ina. Na tuna kakata da ke ba mu labarin mutanen da suka hau tsauni ruwa ya bi su. Na yi bisimilla, na fara sara. Hannuna ya yi kanta, ina ta sara, har dutsen ya ce ƙas.

Ruwa ya tsarto mai sanyi ya buge ni a fuska, ya fara ɓulɓulowa a ƙarƙashin ƙafata. Jama'a, ni ɗin nan da na fassara teku da laka, ni na buɗe maƙogwaro na kwarma ihu, "Ɗufana! Ku ja ni! Arzika, don Allah ku ja ni, ya hito!" Ina salati, ina roƙon Annabi Nuhu gafara, shi da ban taɓa yi wa laifi ba sai yau. Suka ja da ƙarfi, na bugu da bango, hular kwano ta faɗa, wando ya tsage daga baya.

Na iso bakin rijiya ina cewa kowa ya hau tudu. Wasu har sun fara gudu. Arzika ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya kama igiyar ya sauka da kansa, shi da ya yarda da murfin da zuciya ɗaya. Muka ji muryarsa daga ciki: "Ku ce ma Mushe Ɗuhwanatai ta tsaya ga gwiwa. Ga hulatai nan tana yawo awa jirgi."

Dariyar da aka yi, har Mai Guduma sai da ya zauna a ƙasa. Na ji kunya kamar in koma cikin rijiyar. Sai wata tsohuwa ta ɗebi gugan farko ta miƙo mini, ta ce, "Sha, ɗana. Kai kah hwasa."

Abin da na koya shi ne, a aikinmu gardamar baki a sama ake yin ta, can ƙasa kuwa kowa da abin da ya sha a nono yake sauka. Tun ranar ban ƙara yi wa mahaƙi dariya don ya ce yana tsoro ba. Rijiyar tana nan ana sha. Na koma garin da furfurata, yara ba su san sunana ba, amma da aka ce musu ni ne Mushe Ɗufana, sai suka ruga kiran iyayensu.