Ranar da Birkin Ya Yi Shiru

Da na haifi ɗana na fari, gida aka maida ni Waca wankan jego. Maigidana yana Dungas yana kabu-kabu da wani tsohon moto, wato babur, da wansa ya bar masa. A wurinmu ba a son ganin miji yana sintiri gidan surukai a irin wannan lokaci, shi kuwa ya kasa haƙuri. Duk ranar da ya samu mai zuwa Waca, sai ya biyo bayan la'asar ya tsaya a zaure, in fito masa da yaron a ɓoye cikin zane.

To, ina ɓoyon? Birkin moton nan kuka yake, ƙiiii, kamar akuya ta ga wuƙa. Tun daga kwanar rijiya ake jin sa. Matan maƙwabta suna cikin daka sai su tsai da taɓarya, su leƙo ta katanga.

"Mai jego, tashi, ga algaitarki ta iso!"

In ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsorona kada maganar ta kai kunnen Baba ya ce a daina zuwa. Yaron ƙarami aka haife shi, ba ya kama nono sosai, ga kunyar ɗan fari ta hana ni nuna damuwa gaban Inna. Ubansa kaɗai nake iya faɗa wa.

Rannan na ce masa, "Don Allah ka ɗiga wa abin nan mai ya yi shiru."

Ya yi dariya. "Mai a birki? So kike in wuce ƙofarku in faɗa rijiya?"

Amma ya ga idona ya kawo ruwa. Ya kai wa mai gyara, aka cire ƙafar baya, aka tarar yashi ya cika ciki, abin da ke kama ƙafar kuma ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar gindin tasa. Aka kakkaɓe, aka goge da takarda mai kaushi, aka mayar. Daga baya ya ba ni wannan labarin.

Zuwansa na gaba ban ji komai ba. Inna ma ba ta ji ba. Tana zaune cikin zaure tana shan iska, ba kallabi, ɗaurin ƙirji, ta ɗora jikan a cinya tana yi masa wasa. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa yadda ya saba, ya sako kai.

Suka yi ido huɗu. Ina daga tsakar gida ina gani. Ya zube ƙasa yana gaisuwa, Inna ta rasa abin rufa ta jawo faifai ta kife a ka. Da baya ya fita. Moton ma turawa ya yi har ya bar unguwar.

Sai a ranar na haɗa abin da nake gani kullum ban kula ba. Da birkin ya yi kuka Inna take tashi ta shige ɗaki, Baba ya ɗauki buta ya fice tun lokacin salla da saura. Ni ina zaton ɓoyewa muke, ashe hanya ake ba mu, ni kuma na sa aka toshe ta.

Ya ɗauke ƙafa. Kasuwa ta ci ta sake ci, babu shi. Na kasa haɗa ido da Inna, damuwar yaron kuma na rasa wa zan faɗa wa.

Wata safiya tana dama mini kunun kanwa, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ke, moton mutumin nan ba shi da hon ne?"

Na aika masa da maganar Inna. Kashegari tun daga kwanar rijiya ya fara dannawa. Maƙwabta har da guɗa. Na ja mayafi na rufe fuska, na ɗauki yaron na fita zaure.