Awa Huɗu da Mitar Babur ɗin Yaya

Bakina ne ya ja mini. Ina da shekara arba'in, ina koyarwa a wata firamare a Daura, na tsiri gudu da safe bayan sallar asuba, cikin dogon wando, a kan hanyar Zango. Ba a jima ba magana ta kai kunnen Inna cewa ɗanta ya taɓu, kullum yana sheƙa gudu ba mai binsa.

Ta kira ni ta ce in daina. Na durƙusa na roƙe ta, na ce akwai tseren fanfalaki da za a yi a Legas, kilomita arba'in da biyu, ta bar ni in gwada. In na gama cikin lokacin da na ɗiba, ta ƙyale ni da guduna. In na kasa, na ajiye takalmi har abada.

"Awa nawa ke nan?" in ji ta.

Da na ce shida ma da ba ta san bambanci ba. Amma ni da son a sani, sai na ji bakina ya ce huɗu. Ta ce ta ji, Allah shaida. Alkawari gaban uwa kuwa ba a warware shi, ga shi gudun nan shi kaɗai ne abin da nake yi don kaina.

Na ari babur ɗin Yaya, babban wana, na auna kilomita goma da mitarsa, daga bakin gari zuwa wata tsamiya, na shafa mata farar ƙasa. Lissafi ya nuna sai na riƙa isa wurinta cikin minti hamsin da bakwai. Wata biyu ina fama, ban taɓa yin ƙasa da sittin da huɗu ba. Na rame, na koma faɗa da kowa, har ita tsamiyar na tsane ta. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga ƙarshen guduna ya zo.

Wata rana na kai babur ɗin shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan gyara, mutumin kirki da ya daɗe a garin. Ya ce me ya sa na zube haka, na kwashe labari na faɗa masa. Ya leƙa kan babur ɗin, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, da wannan mita ka auna? Ai ni na sayar wa yayanka. Na ce masa ba ta irin wannan babur ba ce, ba za ta ƙirga daidai ba, ya ce shi dai allura ta riƙa motsi."

Nan take ya rufe shago, ya goya ni a kan sabon babur ɗinsa muka kama hanya. Mitarsa ta cika goma, tsamiya ko alamarta babu. Sai da muka haura sha ɗaya da rabi sannan ta ɓullo da farar ƙasarta. Ashe duk wata biyun nan ina cikin lokacina, ina ta zagin ƙafafuna a banza. Na sauka na zauna a gindinta don daɗi. Yaya kuwa da na tare shi da maganar, cewa ya yi ai bai ce in auna ƙasa da ita ba.

Tseren kansa azaba ce, ba na son tuna ƙarshensa. Na dai tsallaka layi saura minti huɗu awa huɗu ta cika.

Da na dawo na wuce ɗakin Inna kai tsaye. Ta tambaya ko ni na zo na ɗaya, na ce a'a, ɗaruruwa sun riga ni. Ta taɓe baki.

"To awa huɗun fa?"

"Ba ta cika ba, Inna."

Ta ɗauki carbinta tana ja. Can ta ce, "Shi ke nan, je ka yi ta haukarka. Amma ka riƙa shan koko kafin ka fita, dubi wuyanka."

Washegari da na dawo daga masallaci, na tarar da kwanon koko a rufe kusa da takalmina.