Saƙon Lasifika Zuwa Ƙofar Gidan Surukina

Talata: daga gida zuwa Sinnar

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga ƙauyenmu na Jazira, lasifika a kafaɗa, jaka a hannu. Hauwa matata ta biyo ni har bakin magudanar ruwan gonakin auduga tana maimaita maganarta ta jiya.

"Baban Amna, in ka dawo ƙarfen nan yana nan a ƙofar gidan Baba, ka nemi mai tuƙa maka tuwon asida."

Bari in warware muku. Tun da yaƙi ya lafa a wajenmu mutane suka fara komawa gida, wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin yawo ƙauye-ƙauye ina faɗakarwa: a zauna lafiya, a koma gona, kuma duk wanda ya ga dana, wato harsashin igwa da ya faɗo bai fashe ba, kada ya taɓa. An zaɓe ni ne don ina da Hausa da Larabci, ga murya wadda tun ina yaro ake korata daga ɗakin marar lafiya saboda ita. Sai ga hoto ya shigo wayar Hauwa daga wajen garin Abu Hujar: mahaifinta kishingiɗe a kan angarib, gadonsa na igiya, a gindin darbejiya, ga dana rabi a ƙasa rabi a waje, taku biyu daga matashinsa. Tun ranar ba ta ƙara cin abincin kirki ba.

Matsalar ita ce surukina ne. Shekara goma sha huɗu da aure ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa cin ko dabino a gabansa ba, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Ko a wannan takarda ba zan rubuta sunansa ba. Ni da na tara kasuwa guda da murya, yau an aike ni in yi wa wannan mutum faɗa.

Bokas ɗin Usman direba, wato a-kori-kurarsa, ya sauke ni a Sinnar ƙarfe bakwai da minti goma. Ofishinmu ɗaki biyu ne kusa da madatsar Makwar. Shugabarmu, Ustaza Najat, ta sa mini sabon saƙo a lasifika, ta miƙo damin takardun mannawa masu hoton farar tantabara a sama, dana a ƙasa da jan gicciye.

"Daga birni aka aiko da saƙon, Haruna. An ce yana jan hankali sosai."

Ban saurara ba kafin in tafi. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Shingen bincike

Muka bar Sinnar ƙarfe tara, muka wuce Mai Wurno, wajen goma saura kwata muka iso shinge. Wani soja siriri ya leƙo bayan mota ya ga lasifika.

"Ya zol, kai malam, mene ne wannan?"

"Saƙon zaman lafiya ne, ranka ya daɗe."

"Kunna mu ji."

Na kunna. Ashe masu hikimar birni sun fara saƙon da ƙarar fashewar bam, don jan hankalin. Dum! Wallahi ban ga lokacin da sojan ya shige ƙarƙashin mota ba. Usman ya kwanta a kan giya, wata hajiya ta saki kwandon kajinta, ni kaina na tsinci fuskata a cikin buhun albasar wani. Muna kwance haka sai wata murya mai daɗi ta fito daga lasifika a hankali: "Assalamu alaikum jama'a, zaman lafiya ya dawo."

Awa biyu suka tsare mu. Na yi bayani da Larabci, na yi da Hausa, na yi da rantsuwa. A ƙarshe suka ba ni shayi, suka ce ba za mu tafi ba sai na ƙara kunnawa sau ɗaya, don akwai abokinsu da ya je kama ruwa bai ji ba.

Sinja

Muka shiga Sinja ƙarfe ɗaya da rabi. Na ci ful, dafaffen waken mutanen nan, da man riɗi a tasha, na yi azahar, na nufi kasuwa. Wannan karon da bakina na yi magana. Mutane suka taru, na raba takardu, wani ya tambaye ni ko tantabarar ma rabawa za a yi. Wani dattijo ya daɗe yana duba hoton, ya juya ya tafi. Ina cikin bayani sai ga shi ya dawo da amalanken jaki, ya sauke wani buhu a gabana, tim.

"Malam, duba mini, irin ta hoton ce?"

Kafin ya kwance bakin buhun kasuwa ta watse. Ni mai faɗakarwa a ƙarƙashin teburin mai tumatir aka same ni. Salansar tarakta ce. Dattijon har haushi ya ji, wai ya sha wahalar ɗaukowa.

Da yamma na sayi ta'amiyya, ƙosan mutanen nan, aka naɗe mini ita a cikin takardata, mai ya jiƙa tantabarar. Na kwana a gidan wani abokin karatuna.

Laraba: Abu Hujar

Na isa Abu Hujar ƙarfe tara saura, daga nan amalanken jaki na rabin awa zuwa ƙauyen da ke bakin kogi. Gidaje da yawa ba ƙofa, wasu ba rufi, amma an fara shuka kuɓewa a fadama.

Tun daga nesa na cire takalmi. Ga Baba a kan angarib, ya rame, carbi a hannu. Ga danar nan, ta fi yadda take a hoto muni. Na durƙusa can baya, kaina a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Yaya ɗiyata da yara?"

"Suna gaishe ka."

"Madalla."

Shi ke nan, maganar shekara goma sha huɗu ta ƙare. Na tashi da baya-baya na fita.

Sai na yi dabara. Na tsaya bayan danga, na juya bakin lasifika daidai gindin darbejiya, na ɗaga murya: "Ya ku jama'ar gari! Duk wanda yake da dana kusa da gadonsa, ya nisance ta!" Gari kaf mutum ɗaya ne mai dana kusa da gado. Na faɗa sau uku da Hausa, sau biyu da Larabci. Maƙwabta suka fito suna kallona. Can sai ga wata maƙwabciya da kwanon kisra, wainar dawa ta mutanen nan, da miyar kuɓewa, wai in ji Baba a kai wa baƙo, ya sha ihu.

Na lallaɓa na manna takarda a jikin dangarsa, akuya ta cinye. Na je wajen liman, ya ce sun yi magana har sun gaji, kullum amsar Baba ɗaya ce: ya ji. Surukata, wadda da ita ce za ta iya da shi, ta rasu a wajen gudun hijira. Na kwana a zauren liman ina jin haushin kaina da na tsohon da na masu tantabara gaba ɗaya.

Alhamis

Da hantsi Hauwa ta kira. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, kuma wannan ya fi mini zafi. Na ajiye lasifika a zauren liman, na tafi hannu sake. Na zauna a ƙasa gaban angarib, na ɗaga kai na dubi surukina ido cikin ido. Ashe idonsa ɗaya ya yi fari, ban taɓa sani ba.

"Baba, ka gafarce ni. Abin nan kashe mutum yake yi. Me ya sa kake kwana kusa da shi?"

Ya ƙura mini ido, har na ce yau aurena ya mutu.

"Kai Haruna, ni ka ɗauka ban san dana ba? A gabana ta faɗo." Ya nuna hanya da carbinsa. "Nan yara ke bi zuwa kogi. Masu sayen tsohon ƙarfe na yawo, yaran sun san da haka. Na sa ƙaya, sun janye. Na kifa kwano, sun ɗage. Tsoron sandata kaɗai ke hana su. Tun da na dawo ban yi Juma'a a masallaci ba, ban je na ga gonata ba."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Kai ne na huɗu da ya zo da lasifika yana ce mini kada in taɓa. Mi zan yi da taɓa ta? Ba wanda ya tsaya ya tambaye ni, ba wanda ya ce ga mai ɗauke ta. Wayata ma tun lokacin gudu aka karɓe."

Kunya ta kama ni, ba irin ta surukai ba. Lambar masu kwance dana tana jikin takardunmu, can ƙasa, da rubutun da ko mai ido biyu sai ya matso. Nan take na kira Ustaza Najat. Ta yi salati, ta ce a ja gadon nesa yanzu-yanzu, a jera jajayen duwatsu a kewaye, masu aikin za su iso Asabar. Muka ja angarib zuwa bakin hanya, inda sanda za ta iya tare yaro tun bai matso ba.

Juma'a da Asabar

Ƙarfe goma sha biyu na Juma'a Baba ya fito da farar jallabiya, ya miƙo mini sandarsa.

"Zauna mini nan, in je masallaci."

"A kan gadonka, Baba?"

"Wanda ya kalle ni cikin ido jiya, gado ne zai ba shi kunya?"

Haka na zauna a kan gadon surukina, gari duk yana wucewa yana kallo, ina korar yara da awaki. Da ya dawo ya tsaya daga nesa yana share ido da hannun riga, ni kuma na mayar da kaina ƙasa kamar yadda na saba.

Asabar ƙarfe goma masu aikin suka zo su huɗu. Aka fitar da unguwar gaba ɗaya zuwa bakin kogi. Bayan awa guda muka ji dum, ta gaske wannan karon, kuma ba wanda ya kwanta. Darbejiya ta rasa reshe biyu. Baba bai ko koma ya duba ba, gona ya wuce.

Lahadi: komawa gida

Na bar Abu Hujar ƙarfe shida na safe. A shinge sojan nan siriri ya gane ni, ya ɗaga hannu tun daga nesa wai kada in kunna. A Sinnar na roƙi Ustaza Najat abu biyu: a cire bam daga saƙon zaman lafiya, a rubuta lambar da girman tantabarar. Na isa gida ana kiran la'asar, Hauwa tana tsaye a ƙofa.

"An ɗauke?"

"An ɗauke. Ya ce ki kawo yara, ƙofar gida ta zama tasu."

Ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Da ta ɗago ta ce, "Bai ce komai a kanka ba?"

"Ya ce mijinki ba shi da kunya, amma ya iya zama."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Usman direba, da liman da ya ba ni masauki, da mutum huɗun nan da ban ko tambayi sunayensu ba. Asidar ranar kuwa har da ƙari.